Yadda ake zaɓen filaye idan ƙasa na neman ɗaukar nauyin gasar zari-ruga

Malam, ka tambayi ko yawan kujeru ne kaɗai ake dubawa wajen zaɓen filayen gasar zari-ruga ta duniya. Girma yana da muhimmanci, musamman a wasan ƙarshe, amma a ganina abin da ya fi nauyi shi ne filin ya riga ya kammalu, da hanyoyin mota da masaukan baƙi kusa da shi.

Dubi Japan a 2019. An tsara yin wasan ƙarshe a sabon filin ƙasa na Tokyo, amma da aka soke tsarin ginin farko saboda tsada, sai aka mayar da wasan Yokohama. Duk da haka sun sanya ƙaramin filin Kamaishi mai kujeru kusan 16,000, domin karrama garin da ambaliyar teku ta 2011 ta ɗaiɗaita, kuma na yaba da wannan shawara ƙwarai.

Afirka ta Kudu kuwa ta nemi gasar 2023 da filayen da ta gada daga gasar ƙwallon ƙafa ta 2010, rahoton tantancewa ya ɗora ta a gaba, amma a ƙuri'ar Nuwamban 2017 Faransa ce ta yi nasara.