Filin Tambaya da Amsa: In bar shagon kawuna in koma gina shafukan intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina gyaran waya a shagon kawuna da ke Computer Village a Ikeja. Da daddare na koya wa kaina HTML da CSS, na ɗan taɓa JavaScript, wato harsunan kwamfuta da ake gina shafukan intanet da su. Na buɗe asusu a Upwork da Fiverr, shafukan da ake neman aikin kwangila ta intanet, amma har yau ko mutum ɗaya bai neme ni ba. Abokaina sun ce sai na bar shago na ba abin lokacina duka kafin dala ta fara shigowa. Mece ce shawararka? Daga ƙaninka a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. Kada ka bar shagon nan yanzu, kada ka yi sakin reshe kama ganye.

Shirun da kake ji ba wai don ba ka iya ba ne. Baturen da ke neman mai yi masa shafi abin da yake fara dubawa shi ne shaidar waɗanda aka taɓa yi wa aiki, kai kuwa ba ka da ko ɗaya, ga 'yan Indiya da Pakistan da suka shekara goma a wurin suna karya farashi. A Upwork sai ka kashe kuɗi kafin ka nemi aiki da yawa, Fiverr kuma kashi 20 cikin ɗari take cirewa daga duk abin da aka biya ka. Sannan ka lissafa abin da zaman gida zai ci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tayar da janareta ya zama aiki, kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Shagon kawunka yana ba ka na abinci da na data, ga kuma jama'a da ke shigowa kullum.

Jama'ar nan su ne kasuwarka, ina mamakin yadda yaranmu ba sa ganin haka. Akwai dillalan albasa da tumatir a Mile 12, akwai masu sayar da raguna, akwai masu manyan motoci a Apapa, ga Islamiyyu, ga matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp. Alhajin da ba zai taɓa yarda ya tura wa baƙo kuɗi ba, kai zai zaunar da kai a kan benci ya yi maka bayani da Hausa, domin ya san kawunka. Wannan amana, ɗan Indiya ba zai taɓa samun ta ba.

Wata Hajiya mai sayar da humra da turaren wuta ta taɓa kawo mini shafin da wani ya yi mata. A kwamfuta gwanin kyau, amma masu sayen kayanta da ƙananan wayoyin Tecno da Itel suke shiga, kowane hoto kuma an ɗora shi yadda kyamara ta ɗauka, nauyinsa ya kai megabayit huɗu. Kafin ya buɗe mai saye ta gaji ta fita. Na rage hotunan na mayar da su WebP, wani tsarin hoto marar nauyi, na cire wani bidiyo da ke kunna kansa yana cinye data, na sa maɓalli kore a ƙarƙashin kowace kwalba, da an taɓa shi sai WhatsApp ɗin Hajiya ya buɗe da sunan turaren a rubuce. Na kuma canza salon rubutun zuwa Noto Sans, saboda wancan ba ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ daidai. Duk aikin nan babu abin da ya wuce ilimin da kake da shi yau. Saboda haka duk shafin da ka gama, ka gwada shi a wayar da ta fi kowace araha a shagonku, a inda sabis ba shi da ƙarfi, kafin ka miƙa.

Inda masu aikin kansu suka fi shan wuya shi ne ciniki. Mu Hausawa kunya tana cutar da mu a nan. Kafin ka taɓa kwamfuta, kai da mai shafin ku rubuta, ko a saƙon WhatsApp ne: shafi nawa za a yi, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, wa zai kawo hotuna da bayanai, yaushe za a gama. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ragowar kafin shafin ya hau intanet. Idan ba haka ba za ka ji "ɗan ƙara mini wannan" har wata uku a kan kuɗin sati biyu. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa sunan shafi da wurin ajiyarsa haya ce ta shekara-shekara, ka ware kuɗinta daban, domin yawancin kamfanonin waje da dala ake biyansu, ka kuma ga yadda naira ta yi tun Yunin 2023. Suna mai ƙarewa da .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, da naira ake saye a wajen kamfanonin gida. Ka yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗinsa. Na ga masu riƙe shafin mutum a hannunsu don ya riƙa dawowa dole, wannan cin amana ne, kuma a cikin 'yan kasuwarmu na Legas labari ba ya kwana.

Ta fannin karatu, ka ƙware a JavaScript sosai kafin ka taɓa React, kayan aikin da aka gina a kan JavaScript ɗin. Ka koyi Git, manhajar da ke adana duk canjin da ka yi wa aikinka, ka zuba ayyukanka a GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan aiki, ka koyi haɗa hanyar karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave a shafi don a iya biya da kati. Darussan freeCodeCamp kyauta ne. In ka sami sarari ka leƙa tarukan masu wannan sana'a a Yaba, wajajen cibiyar fasaha ta CcHUB da ke titin Herbert Macaulay, inda Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarta a 2016. Ayyuka da yawa daga baki zuwa baki suke yawo a can.

Idan kuɗin shafuka ya riƙe maka haya da abinci wata shida a jere, sai ka sami kawu ka yi masa bayani da ladabi, ka ba shi lokaci ya sami wanda zai maye gurbinka. Kafin nan, shafin shagonsa ya zama aikinka na farko.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Idi-Araba, waya kawai gare ni. Zan iya koyon wannan aiki da ita?

AMSA: Malama, za ki iya fara karatun HTML da CSS a waya, amma aikin da za a biya ki sai da kwamfuta. Ba sai sabuwa ba. Ki nemi ta hannu mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, gigabayit 8 da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ki tafi da maigida ko wani ɗan'uwa da ya san kan abin. A kunna ta a gabanku, a cire caja ku ga yadda batirin ke riƙewa, a danna kowane maɓalli, sannan ki karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar kwamfutar.