Shirun Iyaye A Makon Sakamakon Jarrabawar Girama

Yaya, na saurari saƙonki har ƙarshe, na kuma ji ƙorafin da ke cikinsa. Kin ce kin kira 'yar'uwarmu ta nan don ki ji yadda yaronta ya yi a jarrabawa, ta ce miki "mun gode Allah" ta kawo wani zance, har kina tunanin ko zaman Turai ne ya koya mata rowar labari. Ba rowa ba ce. A tsakiyar Oktoba kika kira, kuma a nan yankin Kent na Ingila duk gidan da ke da ɗan aji shida a wannan makon a ɗofane yake, domin lokacin ne sakamakon jarrabawar shiga makarantun girama yake fitowa.

Makarantun girama na gwamnati ne, ba a biyan ko sisin kwabo. Abin da ya raba su da sauran sakandare shi ne sai an ci jarrabawa ake shiga. Guda 163 ne kacal a duk Ingila, 32 daga ciki a Kent suke. Da can, bayan dokar ilimi ta 1944, ko'ina haka ake tace yara suna shekara 11. A 1965 gwamnatin Leba ta nemi ƙananan hukumomi su haɗe makarantun kowa ya shiga, yawanci suka bi, amma irin su Kent da Buckinghamshire da Lincolnshire suka turje. A 1998, zamanin Tony Blair, aka yi dokar da ta hana buɗe sababbi. Shi ya sa Bahaushen da ke zaune a Newcastle ko Glasgow zai iya aurar da 'ya'yansa bai taɓa sanin wannan tashin hankali ba, mu kuwa shi ne hirar kicin da ta bakin masallaci.

Na san Kwaman Intiras za ki tuna, wadda NECO ke shiryawa don shiga kwalejojin gwamnatin tarayya. Sun yi kama ta wani gefen, amma a nan sau ɗaya ake yi, a Satumba, yaro na shiga aji shida. Ba a tura shi daga aji biyar ya gwada sa'a ya sake baɗi, domin ranar haihuwa ce ke yanke wa kowa ajinsa. Kuma babu wani babban mutum da za a kira ya yi magana. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa mazajenmu ciwo. Mutum likita ne a asibiti, ya saba a gida waya ɗaya take gama masa aiki, a nan sai ya zauna yana kallon imel kamar kowa.

Imel ɗin kuwa da yamma yake shigowa, bayan ƙarfe huɗu. Na ga wata baiwar Allah a cikin motarta a bakin Islamiyya, ta kashe inji, waya a kan cinyarta a kife, yaron na bayan mota yana cin cincin bai san abin da ake ciki ba. Sai da ya sauka ya shige aji sannan ta juyo da wayar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta lissafa da yatsu. Maki uku ake bayarwa: Turanci, lissafi, da gwajin kaifin basira, wanda ya haɗa da wasu zane-zanen murabba'i da da'ira da ake cewa yaro ya gano na gaba. A 'yan shekarun nan jimla 332 ake nema, kuma kowane ɗaya daga cikin ukun yana da iyakar da ba a so a gaza ta. To ka ga yaro ya haura jimlar da tazara, amma Turanci ya gaza da maki ɗaya ko biyu, shi ke nan an ce makarantar girama ba ta dace da shi ba. Irin wannan shi ya fi ƙona rai, kuma shi ne ya samu matar nan.

Makin ma ba ainihin abin da yaro ya amsa daidai ba ne. Ana daidaita shi da watan haihuwa, don kada ɗan Agusta ya cutu a gaban ɗan Satumba da ya girme shi da kusan shekara. Iyaye kan ɓata dare guda suna wannan lissafi, abin da ba zai ƙara komai ba.

Yanzu ga dalilin shirun. Na farko, wanda ya ci ma bai samu makaranta ba tukuna. Cin jarrabawa izini ne kawai na ka nema. Kafin 31 ga Oktoba kowa zai cike fom ya jera makarantun da yake so, huɗu a Kent, shida a Landan, sannan a jira har 1 ga Maris kafin a ji inda aka ba shi. Wasu makarantun nisan gida suke aunawa, wasu kamar ta maza ta Dartford da Judd ta Tonbridge yawan maki suke bi, har yaron da ya ci da kyau ya tashi a tutar babu. Uwa mai hankali ba za ta yi guɗa a Oktoba ba. Na biyu, mu nan ba mu da yawa. Yarbawa da Inyamurai sun fi mu nesa ba kusa ba, da yawansu ma saboda makarantun suka taso daga unguwannin Peckham da Thamesmead na Landan suka dawo Dartford da Gravesend a nan Kent. Mu kuwa gidaje ne ƙalilan, rukunin WhatsApp ɗaya, Islamiyya ɗaya, walima ɗaya. In kin yi shelar naki ya ci, kin san fuskar matar da nata bai ci ba, kuma ranar Asabar tabarma ɗaya za ku zauna. Na uku kuma ba sai na faɗa miki ba, tsoron baki bai tsaya a filin jirgin Kano ba, da mu ya hau.

Saboda haka al'adar da ta kafu a tsakaninmu ita ce ba a tambaya kai tsaye. Ana cewa "ya hidimar yara?" In mai ita ta buɗe, a bi ta, in ta ce "sai godiya" a bar shi nan. Wadda nata ya ci takan aika da abinci ko ta yi sadaka ba tare da ta faɗi dalili ba, kowa kuma ya gane. Maki dai ba a faɗa. Wadda ta sa hoton imel a shafinta, za a yi mata barka, amma za a daɗe ana tunawa.

Abin da ba na so a halinmu, kuma zan faɗa ko da za a ji haushina, shi ne nauyin da muke ɗora wa yaro ɗan shekara goma. Tun aji huɗu ko biyar ake fara lesin. Makarantun firamare na gwamnati ba sa koyar da dabarun jarrabawar, don haka sai malamin kuɗi, kuma awa ɗayarsa takan cinye abin da mai aikin kula da tsofaffi ta samu a awa biyu. Akwai wadda ta ƙara aikin dare saboda wannan, akwai wanda ya rage abin da yake aikawa gida, akwai gidan da aka janye yaro daga hadda aka ce sai bayan Satumba. To duk wannan yaron yana gani. Ranar da sakamako ya zo ba daidai ba, ko ba a ce masa uffan ba, ya san kuɗin da aka kashe. Ga kuma kira daga gida: "Ɗan Landan ai ba ya faɗuwa." Ku a wurinku yabo ne, shi kuwa a kansa yake sauka. Na ji uban da ya ce wa ɗansa "saboda kai na baro ƙasata," alhali kowa ya san karatun digiri na uku ne ya kawo shi, yaron ma a nan aka haife shi.

Gidajen da na ga sun iya abin, tun kafin sakamako suke kai yaro ya ga makarantar da ba ta girama ba a ranar da ake buɗe ta ga iyaye. Ya ga ɗakin gwaje-gwaje, ya ga filin ƙwallo, a tambaya ko akwai wurin salla da abincin halal, ya ji mahaifinsa ya ce "wannan ma ta yi." In labari ya zo ba daɗi, ana faɗa masa a ranar, a taƙaice, kafin ya ji a bakin 'yan ajinsu da safe, domin yara ba su san kawaici ba. Ana ce masa Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma ana nuna masa da gaske ake, ba a faɗa ana haɗe rai ba. Kukan uwa kuma a banɗaki ake yinsa da famfo a buɗe.

Ba ina rage wa makarantun daraja ba ne. Suna da tsari, sakamakonsu na da kyau, kuma ga baƙar fata Musulmi da ba shi da kawu a ko'ina, takarda mai kyau ita ce garkuwa. Amma masu bincike na Jami'ar Durham, Stephen Gorard da Nadia Siddiqui, sun fitar da nazari a 2018 da ya nuna in aka yi la'akari da irin gidajen da yaran suka fito da ƙoƙarinsu tun farko, sakamakon girama bai wani zarce na sauran ba. Wato an zaɓi masu gudu ne aka ba su tsere. Kuma ƙofar ba ta rufe ke nan ba: bayan jarrabawar GCSE, a shekara 16, makarantun girama na ɗaukar sababbin ɗalibai don shekaru biyun ƙarshe, kuma na ga 'ya'yan mutanenmu da suka shiga ta nan suka wuce jami'a.

Ga wanda ya gaza da kaɗan akwai ɗaukaka ƙara, sai dai ita ma tana da ƙa'ida. Dole ki sa sunan makarantar girama a fom ɗin Oktoba duk da kin san za a ƙi, domin sai an ƙi ki a Maris kike da hurumin yin ƙara. Daga nan a tara littattafan yaro na aji, da wasiƙar shugaban firamare, da takardar likita in ba shi da lafiya ranar jarrabawa, a je gaban kwamiti mai zaman kansa a yi bayani, yawanci tsakanin Afrilu da Yuni. Hawaye ba sa aiki a wurin, shaida suke so, kuma waɗanda ake mayarwa hannu rabbana sun fi waɗanda ake karɓa yawa. Matar nan ta bakin Islamiyya ta sa sunan makarantar a fom ɗinta, ta kuma sayi babban fayil ta fara jera littattafan Turancin yaron tun na aji biyar. Mijin ya ce a haƙura, ita ta ce sai ta ji daga bakin kwamiti.