Yayyena sun ce mace ba ta gadon gona, kuma ga shi za su sayar

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaman aure a wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa. Mahaifinmu ya rasu shekara 19 ke nan, ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'yansa biyar, maza biyu mata uku, da wata babbar gona a bakin hanya. Ba a taɓa raba gado ba. Yayyena maza ne ke nomawa, duk kaka sai su aiko wa kowacce a cikinmu dami biyu na dawa. Yanzu masu yanka filaye sun taya gonar, suna shirin sallamawa. Da na yi magana sai babban yayanmu ya ce tun kaka da kakanni mace ba ta gadon gona a garinmu. Ya ce kuma sun haura shekara 10 suna nomanta, don haka ta zama tasu, wai ma ƙasa duk ta gwamna ce. Ina da haƙƙi ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kina da haƙƙi, kuma tun ranar da aka kai shi makwancinsa rabonki ya zama naki. Rashin raba gado bai soke shi ba.

Ga lissafin. Idan babu bashi a kansa, babu wasiyya, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, za a kasa gonar kashi 8. Mahaifiyarku ta ɗauki tumuninta, wato kashi 1. Sauran 7 ɗin naku ne: kowane namiji 2, kowace mace 1. Ke nan ku mata uku da mahaifiyarku kuna da rabin gonar cif. Wannan yana cikin aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, aya ta 7 kuwa ta riga ta toshe duk wata kafa, domin ta ce mata suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo yankakke. Ba a cire gona ba, ba a cire gida ba.

Maganar "tun kaka da kakanni" tana da tushe, shi ya sa ba na yi wa masu faɗarta kallon maƙaryata. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona a ƙasar Kano. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce matan da suka gaji gida suna barin aure su zauna zaman kansu. Abin da ya ba sarauta wannan dama kuwa shi ne yadda ake kallon ƙasa a wancan zamani. A fiƙihun Malikiyya ƙasar da aka ci da yaƙi tana zama ta al'ummar Musulmi, shugaba ne ke kula da ita, manomi amfaninta kawai yake ci. Turawa suka zo suka ɗora nasu a kai, a 1910 suka yi dokar da ta sa duk ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Ga kuma haraji, wanda magidanci namiji ake rubutawa a kan gona. Barin gandu a hannun maza ya girmi dokar Sarki Usman, amma dokar ce ta ɗaure masa gindi a gaban alƙali. Ƙasar Kano ta wancan lokaci kuma ta haɗa har da Dutse, Ringim, Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda suka koma Jigawa a 1991, shi ya sa za ki ji irin wannan magana a can ma.

A 1954, Sarki Muhammadu Sanusi bai daɗe da hawa karaga ba ya soke hanin, ya mayar wa mata gadonsu, yana mai nuni da halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. Shekara 31 dokar ta yi tana aiki, an kuma haura shekara 70 da soke ta. Kakanku ya rayu a ƙarƙashinta, ya ga ana raba gona mata na gefe, ya faɗa wa ɗansa, ɗan ya faɗa wa nasa. Labarin hanin ya isa ƙauye ya zauna daram, labarin sokewar ne bai kai ko'ina ba. Yau babu alƙalin kotun shari'a a Kano ko Jigawa da zai karɓi wannan hujja. Ko a kudu, inda al'ada ce ke raba gado, Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon uba a shari'ar Ukeje ta 2014, bisa sashe na 42 na tsarin mulki wanda ya hana nuna bambanci. Ke ba ki ma buƙatar zuwa can.

Zancen gwamna ba zai ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya ne dokar amfani da ƙasa ta 29 ga Maris 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Amma sashe na 36 ya bar wa manomin karkara gonarsa kamar ƙaramar hukuma ce ta ba shi izinin riƙe ta, sashe na 24 kuma ya yarda wannan izini yana gaduwa bisa ƙa'idar gadon mutanen wurin. Ga Musulmin Kano ƙa'idar ita ce ta Malikiyya. In ƙasa ta gwamna ce har ta hana ki gado, to su me za su sayar? Dokar ma su take yi wa tarnaƙi, domin sashe na 21 ya ce ba a sayar da irin wannan gona sai da amincewar ƙaramar hukuma.

Inda nake so ki natsu shi ne maganar shekara 10, domin nan ne yayanku ya taɓo abin da ke cikin littafi, ko da yake ya karanta rabi ya bar rabi. Ana kiran abin hauzi. Idan bare ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, yana cewa tasa ce, mai ita yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to alƙali ba zai saurari ƙararsa ba daga baya. Haka yake a Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu ke yawan buɗewa. Sai dai littafin ya bambanta bare da ɗan'uwa. Tsakanin dangi, noma da zama a gida ba sa zama hauzi sai an wuce shekara 40, saboda an san 'yan'uwa suna kawar wa juna kai. Ku kuna 19. Bayan haka hauzi ba ya amfanar wanda aka san ta yadda abu ya shigo hannunsa, kamar aro, jingina, haya ko amana. Duk garinku an san gonar ta mahaifinku ce, an kuma san ba a raba ba.

Damin nan biyu da ake aiko miki, kada ki raina shi. Ki tuna wa ke kawowa, da abin da yake faɗa in ya sauke daga amalanke. In akwai wanda ya taɓa jin an ce "ga na gonar Baba" ko "ga rabonku na bana", wannan iƙirari ne cewa kuna da haƙƙi a ciki. Lauyan yayyenki zai ce kyautar zumunci ce kawai, shi ya sa kalmar da aka furta take da nauyi.

Amma akwai tarko biyu. Tuhfa ta ce dangin da ke cikin husuma hukuncinsu na bare ne, wato su ma shekara 10. Tunda yayanku ya fito fili ya musa haƙƙinki, shirun da za ki yi daga yau ba irin na da ba ne. Na biyun ya fi gaggawa. Wanda aka sayar da kayansa yana zaune a wurin bai ce uffan ba, ciniki ya hau kansa, kuɗin kawai zai bi. Wanda ba ya wurin, labari ya same shi daga baya, yana da shekara guda ya tashi ya nemi a warware. In ya bari ta wuce, gona ta tafi, sai dai rigimar kuɗi. Saboda haka in an kira ki wurin ciniki "don ki sa albarka", kada kunya ta rufe miki baki, kuma kada ki dangwala yatsa a takardar da ba wanda kika yarda da shi ne ya karanta miki ba. Da zarar an yi awon igiya an yanka gonar filoti-filoti, an sayar wa mutum talatin, wasu sun fara zuba harsashi, shari'ar da za a gama da mutum biyu ta koma ta mutum talatin.

Abin da yayyenki ke da ikon sayarwa shi ne kasonsu kawai. Ko shi ɗin ma, muddin ba a raba ba, kuna da shufu'a: abokin tarayya a gonar da ba a raba ba yana da damar biyan kuɗin da bare ya biya ya karɓi kason. A Malikiyya maƙwabci ba shi da wannan dama, mai tarayya kaɗai ke da ita, kuma ita ma tana faɗuwa in aka yi sakaci har shekara.

Na san abin da ke ranki ya wuce lissafi. A ƙauyukanmu macen da ta nemi gado ana cewa ta raba gida, ko mijinta ne ya zuga ta. Mata da yawa suna yin shiru ne saboda wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: na bar muku gona, ku kuma in aure ya mutu ko miji ya rasu ina da ɗakin komawa da tuwon da zan ci. A ganina wannan tsari yana da ma'anarsa muddin gonar tana nan ana nomawa, rumbu yana cika, kowa yana ci. Ranar da aka mayar da ita kuɗi, yarjejeniyar ta ƙare. Kuɗin fili babur ne da ƙarin aure da kujerar Makka, bayan shekara uku babu gonar babu damin. Abin da ke faruwa ke nan a kewayen Kano duka, daga Dawanau zuwa Gezawa da Kumbotso, inda birni ke cin gonaki. Haka kuma in aikin gwamnati ya ratsa, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda aka rubuta sunansa ranar ƙidaya shi ake miƙa wa diyya, 'yan'uwa mata kuwa sai su ji a bakin mutane.

Ki fara da mahaifiyarku da 'yan'uwanki mata, domin murya huɗu ta fi ɗaya, kuma tumunin tsohuwa ma yana cikin abin da za a sayar. Ku sami kawu ko baffa da liman a zauna a gida. A ranar kuma ki aika wa mai unguwa da dagaci, a gaban shaidu, cewa gonar gado ce da ba a raba ba kuma ba ki yarda a sayar ba. Su ne ke sa hannu a takardar ciniki, kuma mai saye yana gudun filin da ke da rigima. Sai dai ki sani dagaci da hakimi sulhu suke yi. Tun gyaran kotuna na 1968 aka raba sarakuna da yanke hukunci. Hisba ma sulhu ne nata. In an daidaita a can, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta tabbatar.

In sulhu ya ƙi, ki shigar da ƙarar rabon gado a kotun shari'a ta yankinku, ki roƙi alƙali ya dakatar da ciniki har a gama. Ba dole sai da lauya ba, kuma in fita tana yi miki wuya kina iya naɗa wakili, mijinki ko ɗanki. Ki riƙa cewa rabon gado kike nema. Amfanin haka shi ne sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, amma rigimar mallakar fili zalla, in aka zo ɗaukaka ƙara, Babbar Kotun Jiha take tafiya, kuma shari'u da dama sun lalace bayan shekaru saboda an bi ƙofar da ba ita ba. Duk kuɗin da kika biya a kotu ki karɓi rasit.

Ki shirya jin sabuwar magana a gaban alƙali, domin da wuya su maimaita ta al'ada. Abin da aka saba ji shi ne "Baba ya ba ni ita kyauta tun yana da rai". Wanda ya faɗi haka shi zai kawo shaidu, maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa. Sai ya nuna kuma ya karɓi gonar ta fita daga hannun mahaifinku kafin ciwon ajali, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma gado. Gayaunar da uba ke yankar wa ɗa a gefen gandu ita ce ta fi jawo wannan gardama, ko kyauta ce ko aro, kuma dattawan da suka san iyaka su ne za su warware. Ki nemi waɗanda suka rage a cikinsu tun suna da ƙarfin zuwa kotu.

Ranar rabo kada a auna da igiya kawai a ce an gama. Gefen da ke bakin hanya ba ɗaya yake da na ciki ba, fadama ba ɗaya take da tudu ba, ɗorawa da kuka da mangwaro da rijiya duk ana yi musu ƙima. Bayan an daidaita kason ta fuskar daraja sai a yi ƙuri'a. In kin ga dama bayan an nuna miki naki ki bar wa yayanku ya ci gaba da nomawa, ko ki sayar masa, ko ki ba shi kyauta, duk halal ne. In aro ne, a rubuta cewa aro ne, da shaidu biyu da kwanan wata, ki ajiye kwafi a wurinki.