Amsa ga 'yata kan hidimar ta'aziyya a ikilisiya

'Yata, saƙonki ya iso, ina amsa gaisuwa. Kin ce dattawan ikilisiya sun ɗora miki nauyin shirya ƙungiyar da za ta riƙa kula da waɗanda aka yi wa rasuwa. Kina tambaya me ya sa manya kan je gidan makoki su zauna jugum, ba wa'azi ba dogon bayani, kuma mene ne amfanin kafa ƙungiya tunda in an yi mutuwa kowa yana zuwa.

Bari in fara da ta biyun. Gaskiya ne kowa yana zuwa, amma na kwana nawa? Ranar jana'iza majami'a kan cika har waje, mawaƙa su yi waƙa, fasto ya yi wa'azi, ga abinci har ya yi saura. Ki koma gidan bayan mako uku. An kwashe kujeru, 'yan'uwa na nesa sun tafi, waya ta daina ƙara. A lokacin ne matar mamacin za ta farka da asuba ta miƙa hannu gefen gado ta ji wayam. Kowa a ikilisiya yana tsammanin wani ya leƙa ta, alhali ba wanda ya je. Domin wannan lokacin aka kira ki, taron jana'iza kuwa ko babu ke za a yi shi.

Kada ki ɗauka tsari sabon abu ne da 'yan zamani suka ƙago. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima ce, manzanni suna nan da ransu, duk da haka aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci, wato matan da mazajensu suka rasu, wajen rabon yau da kullum. Manzannin ba su tsaya a gargaɗi ba, cewa suka yi a zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin. A 1 Timoti sura 5 ma Bulus ya yi maganar rubuta sunayen gwauraye, ya ambaci shekara 60, ya kuma ce 'ya'ya da jikoki su ne na farko wajen ɗaukar nauyin nasu. Ki riƙe wannan da kyau, ikilisiya tana tallafa wa dangi ne, ba ta karɓe musu gida.

Shawarata, kowane gida a ba shi mutum guda da aka san sunansa, mace ga mace, namiji ga namiji. Ya je duk mako a watannin farko, daga baya ya sassauta, amma kada a saki gidan sai shekara ta zagayo. Ki sami littafi ki rubuta ranar rasuwa da ranar aurensu, domin waɗannan ranakun da Kirsimeti ta farko su ne suka fi ɗaci. Saƙon waya yana da amfaninsa, sai dai zumunta a ƙafa take.

Ki hana mutanenki cewa "in kina bukatar wani abu ki faɗa". Ba za ta faɗa ba, kunya ba za ta bar ta ba, ita kanta ma ba ta san abin da take bukata ba. A ce mata, "Ran Talata zan zo in raka ki karɓo takardar shaidar mutuwa," ko "Ni zan kai yara makaranta wannan makon." Lahadin da za ta fara komawa sujada, wata ta biya ta ɗauke ta su zauna tare, don tsayawa a bakin ƙofa kina kallon gurbin da mijinki ya saba zama ba ƙaramin abu ba ne. Maza ma kada a manta da su. Ana cewa namiji ne, zai jure, sai a bar shi yana cin ciki shi kaɗai.

To, batun shirun manya. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa sai suka ɓata, har Ubangiji ya tsawata musu a sura 42. Manya sun san haka. "Sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ku" ya isa, sai a zauna. Masu cewa "daina kuka, ina bangaskiyarki" suna ba ni haushi ƙwarai. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, amma ya yi hawaye a Betanya. Abin da Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, bai hana kuka ba. In mai makokin ta so ta yi ta ambaton mamacin, ta maimaita labarin da kin riga kin ji, ki saurara.

Na san ku yara kuna karanta matakai biyar na baƙin ciki a intanet. Likita Elisabeth Kübler-Ross ce ta fito da su a 1969, kuma daga hirar da ta yi da marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta samo su. Kada ki mai da su ma'aunin gwada mai makoki. Amma in an wuce wata shida mutum ya kasa komawa harkokinsa, kewar tana nan kamar ranar farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince wannan na iya zama ciwo mai bukatar magani. In kuwa ya fara maganar kashe kansa, ba a jira ko kwana ɗaya, a sanar da fasto da danginsa a kai shi wurin likita, addu'a kuma tana tafiya.

Kuɗin baiko na wannan hidima mutum biyu su riƙa sa hannu, a kai taimako a asirce ba tare da sanarwa a gaban jama'a ba. Wajen zaɓen mutane ki guji mai surutu ko da ta fi kowa himma, domin abin da aka ji a ɗakin makoki ba ya zama "roƙon addu'a" a taron mata sai da izinin mai shi. Ki nemi waɗanda suka taɓa rashi kuma ciwon ya lafa musu, su ne suka fi iya zama.

Ki gaishe mini da mahaifiyarki.

Goggonki