Jaridun Rasha da yaƙin Faransa da Furusiya na 1870

Tambaya: Malam, na karanta cewa Sarkin Rasha ya goyi bayan Furusiya a yaƙin da ya raba Faransa da yankunan Alsas da Loren. Shin jaridun ƙasarsa ma haka suka yi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Fada da yawancin jaridun sun sha bamban.

Sarki Alizanda na Biyu ɗan 'yar'uwar Sarki Wilhelm na Furusiya, masarautar da ke jagorantar Jamusawa a yaƙin, ne, wato Wilhelm kawunsa ne, kuma bai ɓoye inda zuciyarsa take ba. Har lambar yabo ta soja ya aika wa Moltke, babban hafsan Furusiya. Amma jaridar Moskovskie Vedomosti ta Mikhail Katkov a Mosko, da Golos ta Andrei Kraevsky a San Fitasbag, Faransa suka karkata. Dokar 'yan jarida ta 1865 ta ɗan sakar musu mara: manyan jaridun biranen biyu sun daina kai rubutu a tace kafin bugawa, sai dai wadda ta sha gargaɗi sau uku ana iya dakatar da ita.

Kada ka ɗauka son Faransa ne zalla. Ai Faransa na cikin waɗanda suka ci Rasha a yaƙin Kirimiya. Katkov gemun maƙwabci ya gani ya kama wuta. A lardunan Rasha na gaɓar tekun Baltik, masu gonaki da manyan gari a lokacin Jamusawa ne. Idan Bismarck, firaministan Furusiya, zai iya cewa Alsas tasa ce saboda mutanenta na jin Jamusanci, me zai hana gobe a faɗi haka game da Riga, babban birni a waɗannan lardunan? A ganina wannan fargabar ce ta fi komai ɗaga murya.

Akwai kuma waɗanda suka fara da goyon bayan Jamusawa don ƙin Napoleon na Uku, Sarkin Faransa. Marubucin Rasha Turgenev, da ke zaune a Baden-Baden, ya aika wa jaridar Sankt-Peterburgskie Vedomosti wasiƙu a kan haka. Bayan Napoleon ya miƙa wuya a Sedan ranar 2 ga Satumba 1870, Faransa ta zama jamhuriya, yaƙin kuma ya koma na cin ƙasa, sai irinsu suka fara ja da baya.

Wuri ɗaya bakin fada da na jaridu ya zo ɗaya. A ƙarshen Oktoba 1870 Gorchakov, ministan harkokin waje, ya sanar cewa Rasha ta yi watsi da sharaɗin yarjejeniyar Paris ta 1856 da ya hana ta ajiye jiragen yaƙi a Baƙin Teku. Jaridun suka yi ta murna, alhali kayen da Faransa ta sha ne ya ba da wannan dama. Taron manyan ƙasashen Turai a Landan ya amince da hakan a Maris 1871, a watan Mayu kuma yarjejeniyar Frankfurt ta miƙa wa Jamus Alsas da wani ɓangaren Loren, da diyyar faran (kuɗin Faransa na lokacin) biliyan 5.