Ga ƙanena mai shirin tahowa karatu Ingila: abin da idona ya gani tun daren ƙuri'ar ficewa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni ina wurin aiki, shi ya sa na bari sai da na sami natsuwa. Ka ce jami'a ta ba ka gurbin digiri na biyu, amma Baba ya ƙi yarda a sayar da filin, saboda an nuna masa bidiyon Turawa a waya suna ihu a kori baƙi, an kuma gaya masa tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai haka ƙasar ta koma. Abokinka da ya zo a 2022 kuma yana ce maka ficewar nan alheri ce gare mu, ƙofa a buɗe take, ka taho kawai. Kana so in gaya maka wane ne mai gaskiya a cikinsu.

Ina garin Leeds lokacin da aka yi ƙuri'ar raba-gardama kan ficewar, ranar Alhamis 23 ga Yunin 2016, ana cikin azumi. A nan dare ba shi da tsawo a watan Yuni, daga shan ruwa zuwa sahur bai fi awa biyar ba, don haka ban kwanta ba. Ina ɗumama shinkafa, talabijin na kunne, sakamako na shigowa gari bayan gari. Da aka karanta na Sunderland, inda kashi 61 cikin 100 suka ce a fita, sai na ga fuskokin masu sharhi sun canza. Kafin gari ya gama wayewa magana ta ƙare: mutum miliyan 17.4 sun ce a fita, miliyan 16.1 sun ce a zauna, wato 52 da 48. Da hantsi Firaminista David Cameron ya fito ƙofar gidansa ya ce zai sauka, darajar fam kuma ta faɗi zuwa matakin da rabonta da shi tun 1985.

A asibitin da nake aikin jinya akwai wata abokiyar aikina 'yar Poland, ta fi shekara goma a ƙasar, 'ya'yanta duk a nan aka haife su. Na same ta a ɗakin shan shayi ta riƙe kofi da hannu biyu, shayin ya huce ba ta kurɓa ba, hawaye na zuba. Abin da ta ce mini shi ne, "Ni ko ƙuri'a ba a ba ni ba." Gaskiya ta faɗa. 'Yan ƙasashen Tarayyar Turai mazauna nan ba su da ikon jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, in ban da 'yan Ireland da Malta da Cyprus. Ni kuwa, ɗan Najeriya da bai cika shekara biyar a ƙasar ba, na jefa tawa, domin doka ta ba 'yan ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, mazauna Birtaniya wannan dama. Na zaɓi a zauna.

Ba duk namu ne suka yi haka ba, kuma wannan ne abin da ba a cika gaya muku a gida ba. Washegarin ƙuri'ar Juma'a ce. Bayan an idar da salla muka tsaya a harabar masallaci, gardama ta kaure. Wani dattijonmu da ya shekara talatin yana tuƙin tasi ya ce shi ficewa ya zaɓa kuma ba ya nadama. Hujjarsa ita ce: ta yaya mutumin Romaniya zai shigo ba biza ya kama aiki washegari, shi kuwa ɗan da ya haifa a Kano sai an yi shekaru ana cike takardu? Ya ce in aka rufe wa Turai ƙofa, dole a buɗe mana. 'Yan Pakistan da Bangladesh masu gidajen abinci da yawa ma haka aka lallashe su, aka ce za a sauƙaƙa musu kawo masu girki daga gida. Na ce masa, "Alhaji, wanda ya ƙi baƙo fari, yaya kake ganin zai yi da baƙi?" Bai amsa ba, ni ma ban ci gaba ba, don girmansa.

Tsoron da Baba yake ji yana da tushe, ba zan ɓoye maka ba. Mako guda kafin ƙuri'ar, wani mai tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata ya kashe 'yar majalisa Jo Cox a Birstall, nan kusa da mu, mace mai kare 'yan gudun hijira. Alƙaluman ma'aikatar cikin gida sun nuna laifukan ƙiyayya ta launin fata da addini sun ƙaru da kashi 41 cikin 100 a Yulin 2016 idan aka kwatanta da Yulin shekarar da ta gabata. Ni kaina a makon, ina tsaye a tashar bas da kayan aiki a jikina, wani ya sauke gilashin mota ya ce mun jefa ƙuri'a, ku tattara ku tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwana ina juya maganar. A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024 ma, bayan kisan yara mata uku a Southport, aka baza ƙaryar cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya aikata, aka far wa masallacin garin, aka yi yunƙurin cinna wa otal ɗin masu neman mafaka wuta a Rotherham. Kwana uku matata ba ta fita da hijabi ita kaɗai ba. Watakila bidiyon lokacin ne aka nuna wa Baba.

Amma ka gaya masa sauran labarin. Maƙwabciyata tsohuwa ce Baturiya, mijinta ya yi aikin haƙar kwal a Barnsley har aka rufe ramukan bayan yajin aikin 1984. Ficewa ta zaɓa, kamar kashi 68 na mutanen garinsu. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa da rigar sanyi da ta saƙa da hannunta lokacin da aka haifi 'yarmu, kuma ita ce ta zo a 2024 ta ce in muna jin tsoro mu kwana a gidanta. Na taɓa tambayarta dalilin ƙuri'arta. Ta ce shekara talatin ba wanda ya waiwaye su daga Landan, shaguna sun rufe, jikokinta ba aikin kirki, sai ga rana ɗaya an tambaye ta ra'ayinta, ta ce a'a. Ta kuma yarda da abin da aka rubuta a jikin jar bas ɗin masu yaƙin neman ficewa, cewa fam miliyan 350 da ake ba Turai duk mako za a iya zuba su a asibitoci. Yanzu in ka ta da zancen sai ta girgiza kai ta ce an yi musu romon baka. Irinta suna da yawa. Masu ɗaga murya a intanet ba su ne yawancin mutanen da za ka zauna da su ba.

Kuma ƙasar ba baki ɗaya ta yi magana ba. Scotland kashi 62 suka ce a zauna, Ireland ta Arewa kusan 56, Landan kusan 60. Nan Leeds da ƙyar masu son zama suka tsira. Shekara uku da rabi aka yi ana ja-in-ja, Firaminista Theresa May ta sha kaye a majalisa har sau uku ta sauka, mutum sama da miliyan 6 suka sa hannu a takardar neman a soke ficewar, iyalai suka daina zancen siyasa a kan tebur. Sai 31 ga Janairun 2020 aka fita a zamanin Boris Johnson. Kai da kake Katsina ka ga ɗan kamanninsa lokacin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024: ana murna a titunan Yamai, ɗan kasuwar Jibiya da na Maraɗi kuwa suna lissafin yadda kayansu za su tsallaka.

Yanzu maganar abokinka. Alhajin tasi ya yi gaskiya na ɗan lokaci. Daga Janairun 2021 aka daidaita Bature ɗan Turai da ɗan Afirka a wajen biza. Ma'aikatan Gabashin Turai suka ragu, aka rasa direbobin manyan motoci har na ga layin mai a Satumban 2021 kamar ina gida. A Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar zama shekara biyu bayan kammala karatu su nemi aiki, a 2022 aka buɗe bizar masu kula da tsofaffi. 'Yan Najeriya suka yi ta kwararowa da mata da 'ya'ya. A wannan tsakanin abokinka ya shigo, shi ya sa yake ganin komai da sauƙi.

Buƙata ce ta buɗe ƙofar, ba ƙauna ba. Da alƙaluma suka nuna waɗanda suka shigo sun fi waɗanda suka fita da sama da mutum dubu 900 a shekara guda a 2023, sai waɗanda suka jefa ƙuri'a don a rage baƙi suka ce an ci amanarsu, 'yan siyasa kuma suka tsorata. Daga Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya kawo iyalinsa, sai mai digirin bincike. A Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar aiki daga fam 26,200 zuwa 38,700, a 2025 aka sake ɗaga shi. A Yulin 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Shekara biyun nan ta bayan karatu ma an sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Kuɗin lafiya da ɗalibi ke biya tun kafin ya taso fam 776 ne duk shekara, aiki kuma awa 20 kacal a mako doka ta yarda maka lokacin karatu. Wannan aikin zai biya maka ɗaki da abinci in ka yi tsimi, ba zai biya kuɗin makaranta ba.

Abin da ya fi damuna da maganar filin ke nan. Bayan naira ta karye a 2023 na ga yaranmu a nan, masu hankali da ƙoƙari, da kuɗin da iyayensu suka tara ya zama rabi kafin wa'adin biya na biyu. Wani ya kwana a falona wata biyu, an rufe masa shafin karatu, yana jin kunyar kiran mahaifinsa. Ba zagin kan titi ne ya karya shi ba.

Don haka ba zan ce kada ka zo ba. Karatun yana da kyau, ɗakunan karatu a buɗe dare da rana, masallatai da naman halal ba ka rasa su a Leeds ko Bradford ko Manchester. Amma ka zo a kan karatu, da kuɗin shekarar gaba ɗaya a hannu a lissafin fam ba naira ba, kuma da niyyar cewa in aiki bai samu ba za ka koma gida da digirinka. In sai an sayar da filin da ƙannenka suke sa rai a kai, ka jinkirta shekara guda ka nemi tallafin karatu na Chevening ko na Commonwealth, ana fara buɗe su tun wajen Agusta ko Satumba kowace shekara. Duk wata doka da na ambata ka sake dubawa a shafin gwamnatin Birtaniya ranar da za ka cike takarda, kada ka dogara da ejan, don suna canzawa da sauri.

Ka turo mini hoton takardar gurbin da jadawalin biyan kuɗin in duba. Ranar Lahadi bayan la'asar ta wajenku ba ni da aiki, zan kira Baba da kaina mu yi magana. Ka gaishe mini da Hajiya.