Wane ne ɗan farfaganda?

Tambaya: Malam, muna muhawara sai wani ya kira ni ɗan farfaganda don na tsaya a kan ra'ayina. Mece ce ma'anar kalmar? Ɗaya take da maƙaryaci?

Amsa: Ba ɗaya ba ne. Maƙaryaci yana iya shara ƙarya don kawai ya fita kunya. Ɗan farfaganda kuwa aiki yake yi wa wani, ko gwamnati ko jam'iyya ko ƙungiya, burinsa ya karkata tunanin jama'a zuwa inda ubangidansa yake so. Sau da yawa ma ba ya ƙarya. Gaskiya yake tsinta, ya ɗauki wadda ta yi masa, ya danne sauran, ya yi ta nanatawa har kunne ya saba. A ce an buɗe asibiti ɗaya an rufe uku: kullum hoton sabon zai nuna maka, kuma ba ka da bakin cewa ya yi ƙarya. Wannan ne ya sa nake ganin ya fi maƙaryaci haɗari.

Kalmar aro ce, ta Turanci ta zo mana, asalinta Latin. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa majalisar yaɗa addinin Katolika, sunanta na ɗauke da kalmar, kuma a lokacin ba ta da wani muni. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka ɓata mata suna, musamman aikin Joseph Goebbels, ministan farfagandar Hitler daga 1933 zuwa 1945.

Mace 'yar farfaganda ce, jam'i 'yan farfaganda. Kada a haɗa ɗan farfaganda da kakaki, wanda kowa ya san da yawun wa yake magana, ko mai baza jita-jita, wanda ji kawai ya yi ya ƙara gaba ba tare da tsari ba. Sojan baka ne ya fi kusa da shi.

Kiran mutum ɗan farfaganda zargi ne mai nauyi. A 2003 kotun duniya kan kisan kiyashin Ruwanda ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa rediyon RTLM da ya ingiza kashe 'yan Tutsi a 1994.

In ra'ayinka ne na kanka, ba wanda ya aiko ka, kuma kana sauraron hujjar abokin muhawara, kalmar ba ta hau kanka ba. Ka tambaye shi ya faɗi wanda kake wa aiki da gaskiyar da ka ɓoye.